AN CE DUTSE NE YA FAƊO

Shafi na 19

Masu ƙorafin na bar Auta tsaye a bakin ƙofar ofis, ku yi min afuwa, wayata ce ta faɗa ruwa. Ga ta nan ta shiga.

Kujerar da ke gaban teburin Yaya Kanar ta ƙarfe ce mai sanyi, amma Auta ba ta ma ji ba. Ta ɗosana a bakinta, jaka a cinya, ta zuba wa yayan nata ido. Shi kuwa ya ƙi yarda su haɗa ido. Ya matsar da kofin shayi, ya dawo da shi inda yake, ya sake matsarwa.

Rabonta da mijinta tun yammacin da wuta ta keto sararin sama, gari kaf ya gani, yara suna ihu, manya suna salati. Shaho ake ce masa a bariki, don duk cikin matuƙan jirgin yaƙi babu mai kaifin idonsa. Yana tsakar cin abinci aka kira shi, ya fita yana ɗaura takalmi a mota, bai dawo ba. Washegari rediyo ya ce dutsen sama ne, irin wanda kan ɓalle daga cikin taurari ya kama da wuta, kuma rundunar soja ta kafa kwamitin bincike don hankalin jama'a ya kwanta. Yayanta yana cikin kwamitin. Ita kuwa duk ƙofar da ta ƙwanƙwasa amsa ɗaya ce, wai mijinta yana wani aiki na musamman.

"Yaya, ka aiko mota ta ɗauko ni, kuma ka zauna kana wasa da kofi."

"Ya 'yan biyu?"

"Suna makaranta."

"Suna lafiya dai?"

"Duk jirgin da ya wuce sai sun fita da gudu suna ɗaga hannu. Jiya namijin ya faɗi ya fasa baki. Yaya, ina mijina?"

Ya tashi ya je ya murɗa makullin ƙofa, ya ƙara ƙarfin fanka har takardun tebur suka fara rawa. Sannan ya jawo kujera ya zauna kusa da ita, abin da bai taɓa yi ba a ofis.

"Yana da rai," ya ce.

Hawaye suka zubo, ba ta share ba.

"Alhamdulillahi. To yana ina?"

"Asibitin bariki."

"Asibitin nan? Wanda nake wucewa ta gabansa kullum in kai yara makaranta?"

"Shi."

"Ƙonewa ya yi? Karaya ce? Ka faɗa min, zan iya ɗauka."

"Ko ƙwarzane babu a jikinsa. Lafiya lau ya sauke jirginsa."

"To me yake yi a asibiti?"

Yaya Kanar ya shafa furfurar da ta fara cin gefen kansa.

"Yana ɓangaren baya."

Duk matar bariki ta san ɓangaren baya. Ginin nan ne mai tagogin ƙarfe, inda ake ajiye sojojin da suka dawo daga daji suna magana su kaɗai. Auta ta miƙe tsaye, jakarta ta zame ƙasa.

"Shaho? A ɗakin masu taɓin hankali?"

"Rage murya."

"Ba zan rage ba! Mutumin da ya fita daga gidana yana tsokanata wai na cika gishiri a miya? Yaushe ya haukace, a hanya?"

"Auta, zauna."

"Wallahi ba..."

"Na ce ki zauna!"

Muryar da yake tsawatar mata da ita tun tana yarinya ce, tun bayan rasuwar babansu da ya zame musu uba. Ƙafafunta suka bi umarnin kafin zuciyarta ta yarda.

Ya sassauta.

"Ki saurare ni da kyau, don ba zan maimaita ba. A ranar nan an ga wani abu a na'ura yana tunkaro bariki. Aka tashi mijinki ya je ya duba. Abin da ya faru a sama, shi da Allah suka sani. Amma da ya sauko, ya tsaya gaban manya ya ce ba dutse ba ne. An ba shi baki, ya ƙi. An ce ya je ya huta ya sake tunani, ya ce ko shekara zai yi yana hutawa abin da ya gani ba zai canza ba."

"To ai gaskiyarsa ya faɗa."

"Kin san mene ne gaskiya a gidan soja? Abin da aka riga aka faɗa a rediyo."

Ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa.

"Yau kwamiti zai rufe zama," ya ci gaba. "Hanya biyu ce ta rage masa. Idan mai hankali ne, to ya ƙi bin umarni a bakin aiki, kuma yana ƙaryata runduna. Kotun soja ke nan, a rufe, babu mai shiga. Ban san shekarun da za su yanka masa ba, ban ma san ko za a bari a kai ga yankewar ba. Idan kuwa marar lafiya ne, sai a sallame shi daga aiki ya koma gida."

"Ni kuma ina nawa a ciki?"

"Likita ya riga ya faɗi nasa. Saura shaidar iyali. Za ki shiga ki ce musu ya daɗe ba ya barci. Yana firgita. Yana ganin abubuwan da babu su."

Dariya ta kufce mata, marar daɗin ji.

"Ba ya barci? Yaya, mutumin da 'yan biyu ke hawa cikinsa suna tsalle yana munshari? Kai da kanka ka ce ko bam aka tayar a ƙarƙashin gadonsa sai dai ya gyara kwanciya."

"Na sani."

"Kana so in shiga gaban mutane in rantse in ce uban 'ya'yana mahaukaci ne."

"Ina so ya dawo gida."

"Ya dawo a nuna shi da baki. A ce wa yarana 'ya'yan mahaukaci. Ba zai sake taɓa jirgi ba har abada, kai ka san jirgi ne ransa."

"Ya dawo da numfashinsa, Auta. Sauran duk mai sauƙi ne."

Can waje wasu kurata suna gudu suna waƙa, sautin takalmansu yana tashi yana faɗuwa.

"Kai ka je wurin da abin ya faɗi?" ta tambaya.

"An kai mu."

"Me ka gani?"

"Ƙasa baƙa ƙirin, bayan madatsar ruwa. An riga an share komai kafin mu isa. Sai sawun manyan motoci."

"Dutsen fa?"

"An nuna mana wani guntu a cikin akwatin gilashi."

"Yaya, ka dube ni. Don darajar Inna da ta haife mu, ka yarda dutse ne?"

Ya kalli tafin hannunsa. Da zai yi magana, sai da ta matso kafin ta ji.

"Dutse ba ya warin man jirgi."

Ta ja da baya, ta dube shi.

"Kuma ka yi shiru?"

"Ni ɗaya ne a cikinsu. In na buɗe baki, gobe gadona yana kusa da na mijinki, ke kuma ba ki da kowa a waje. Wannan hanyar da kike ƙi, da ƙyar na roƙo ta. Har gwiwa na sa a ƙasa, ni da girmana."

Ta sunkuya ta ɗauki jakarta, ta goge fuska da gefen mayafi.

"Ba zan ce komai ba sai na gan shi."

"An hana."

"To a nemo wata matar ta ba da shaida."

Ya san ƙanwarsa. Ya ɗauki hularsa.

*

Warin magani ne ya fara tarbarsu, sannan dogon baranda mai fentin da ya koɗe. Soja biyu ne a ƙofar ɓangaren baya. Suka ƙame wa Yaya Kanar, amma sai da suka karɓe wayar Auta da jakarta, har ɗan kunnenta ɗaya daga cikinsu ya tsaya yana kallo kamar zai ce ta cire.

"Kada ki daɗe," in ji Yaya. "Ina nan bakin ƙofa."

Ɗakin ƙarami ne. Gado ɗaya, bokiti, taga can sama wadda ko mutum ya yi ɗage ba zai leƙa ba. Shaho yana zaune a bakin gado cikin rigar asibiti shuɗiya, an aske masa kai ƙwal, silifas ɗin ƙafarsa ba iri ɗaya ba ne. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo.

Ya ɗago a hankali. Idon nan da ake yabo ya yi ja, ya yi nauyi.

"Maman biyu," ya ce, harshensa yana ja. "Ke ce, ko allurar ce?"

Ta durƙusa a gabansa ta kama hannayensa. Kukan da ta yi alkawarin ba za ta yi ba ya ƙwace.

"Ni ce. Me suka yi maka?"

"Barci suke sa ni. Ni da ban taɓa neman taimako a wannan fannin ba."

Ta yi dariya cikin kuka, ta kifa goshinta a gwiwarsa. Ya ɗora hannu a kanta.

"Yarana fa?"

"Suna nan. Suna jiran ka."

"An turo ki ki ce na haukace, ko?"

Ta ɗago da sauri.

"Likitan ya gaya min. Yana da kirki, ba ya iya kallon idona in zai soka min allura." Ya jawo hannunta. "Matso. Ina so ko mutum ɗaya ya ji daga bakina tun kaina yana daidai."

Ta matsa har tana jin hucin numfashinsa.

"Jirgi ne, Maman biyu. Ƙaramin jirgin fasinja, fari. Ya ɓace hanya, rediyonsa ya mutu, fitilunsa na waje duk a kashe. Na matsa kusa da shi sosai, kamar daga nan zuwa bangon can. Na ga tagogi. Akwai mutane a ciki."

"Innalillahi..."

"Wata mata ta manna fuskarta a gilashi. Ta kunna fitilar waya tana kaɗa min. Tana kaɗawa, tana kaɗawa. Murna take yi, ta ɗauka taimako ne ya zo."

Auta ta toshe bakinta da hannu.

"Na kira ƙasa na ce farar hula ne, a ba ni dama in ja su zuwa fili su sauka. Sai aka karɓe maganar daga hannun yaron da ke hasumiyar filin jirgi. Wata murya ta shigo, ta babban mutum, ban san ta ba. Yana da i'ina, harshensa yana sarƙewa a farkon magana. Ya ce, ha-ha-harbe shi. Na ce ranka ya daɗe akwai mata a ciki. Ya sake cewa ha-ha-harbe shi, umarni ne. Na ce ba zan iya ba."

"Ba ka harba ba."

"Wallahi ban harba ba. Ko yatsana ban kai ba. Daga ƙasa aka sako musu makami. A gabana, Maman biyu. Hasken da kuka gani kuna salati, su ne."

Hawaye ya gangaro masa, bai ko motsa ba.

"In na rufe ido fitilar nan nake gani. Ka ga kuwa ba ƙarya za ki yi ba in kin ce ina ganin abubuwa."

"Kada ka faɗi haka."

"Abin da ke ci na, har yau ban ji an zo neman su ba. Ko an zo an kore su, oho. Wani yana can ya share ɗaki yana jiran matarsa. Wata uwa tana can tana kiran waya ba ta shiga. An ce musu me? Su ma dutse?"

Ta ƙara damƙe hannunsa.

"Yaya ya ce in na faɗi abin da suke so, za ka dawo gida."

"Zan dawo."

"In na ƙi, kotu."

"Haka ne."

"To ka zaɓa min. Ni kaina ya kulle."

Ya girgiza kai a hankali.

"Ba zan ce ki mai da yarana marayu ba. Ba kuma zan ce ki taya su binne mutanen nan ba. Duk wanda kika yi, ban riƙe ki ba, duniya da lahira."

"Wannan ai ba amsa ba ce!"

"Ita kaɗai gare ni." Sai kuma idonsa ya ɗan buɗe kamar wanda ya tuna wani abu. "Amma ba ni kaɗai na gani ba. Ki nemi Ango."

Ango shi ne abokin tashinsa, mai zama a kujerar baya. Bai daɗe da aure ba, shi ya sa sunan ya bi shi. Sau da yawa yakan biyo Shaho gida ya cinye musu abinci yana ba 'yan biyu labarin ƙarya.

"Ya ga matar, ya ji muryar. Ya ce min zai yi shiru ne kawai har a kira shi gaban kwamiti, a can zai fasa ƙwan. Mahaukaci ɗaya ake yi, ba a yin biyu a jirgi ɗaya. In ya tsaya, ke ma ki tsaya."

Wani abu mai kama da sauƙi ya sauka a ƙirjinta, karo na farko tun ranar da ya fita.

Aka buga ƙofa da ƙarfi.

"Lokaci ya yi!"

Ta miƙe. Ya riƙe gefen mayafinta kamar ƙaramin yaro, sannan ya saki.

"Ki ce wa yarana jirgin Baba ya lalace ne, ana gyara."

*

Yaya Kanar yana jingine da bango, hula a hannu. Suka jera a barandar har suka wuce sojojin ƙofa ta karɓi kayanta. A ƙasan matattakala ta tsaya.

"A saman asibitin nan kwamitin yake zama," ya ce. "Suna jira. Me kika yanke?"

"Sai an kira Ango tukuna. In ya faɗi nasa, ni ma in faɗi nawa."

Yaya ya tsaya cak.

"Wa ya ce miki Ango?"

"Yana jirgin ai. Ya ga komai. Ku kira shi."

Ya juya hular a hannunsa, ya sake juyawa.

"Yaya?"

"Jiya da yamma aka ba shi hutu ya je ya ga amaryarsa."

"To a aika a dawo da shi mana."

"Motarsa ta faɗa ƙarƙashin gada, Auta. An ce taya ce ta fashe. Da safen nan aka kai gawarsa gidan iyayensa."

Ta nemi bango ta dafa. Fuskar yaron ta zo mata, yana dariya da cokali a baki, 'yan biyu sun maƙale masa a wuya.

"An ce," ta maimaita. "An ce taya. An ce dutse."

"Rufe bakinki, don Allah." Ya waiga ya dubi sojojin ƙofa. "Yanzu kin gane abin da nake gaya miki? Saura shi kaɗai. Ki hau ki faɗi abin da na ce, in fitar da shi daga ginin nan yau, kafin shi ma a ce wani abu."

"Shaho bai sani ba."

"Bai sani ba."

"Yana can yana jiran Ango ya cece shi."

Yaya ya kau da kai.

Wani soja ya leƙo daga saman matattakala.

"Ranka ya daɗe, an ce a shigo da matar."

Ba ta san yadda ta hau ba. Ƙafa tana ɗaga ƙafa, hannun Yaya a gwiwar hannunta, kunnenta yana ƙara. Fitilar waya tana kaɗawa a tagar jirgi. Bakin ɗanta da ya fashe. Amaryar da ko lallen hannunta bai gama gogewa ba. Har aka tura ƙofar ba ta san abin da za ta ce ba.

Ɗakin yana da faɗi, sanyin na'ura ya cika shi. Dogon tebur, manyan hafsoshi a jere, kowa da ruwan gora a gabansa. A gefe ga akwatin gilashi, da wani baƙin dutse a ciki kamar dunƙulen hannu. Kujera ɗaya aka ajiye a tsakiya, tana fuskantar su.

Yaya ya sake ta, ya zagaya ya zauna a can ƙarshen tebur, ya sunkuyar da kai.

Shugaban kwamitin yana tsakiya. Dattijo ne mai cikar fuska, taurari a kafaɗa, farin gilashi a ido. Ya dube ta da tausayi irin na uba, har da ɗan murmushi. Ya nuna mata kujerar da hannu, ya buɗe baki.

"Za-za-zauna, 'yata."